Ƙahon Gwankin Mai Lofe

Duk saurayin da ya shigo zauren nan sai ya ɗaga kai ya kalli ƙahon da ke rataye bisa ƙofa, ya ce, "Baba Garba, kai ka harbe shi?" In na ce a'a, sai ya dubi ɗan'uwansa su yi ɗan murmushi, wato an gano tsoho: ashe ba maharbi ba ne, ɗan dakon bindigar Turawa ne. Jiya ma da kunnena na ji ɗayanku yana cewa ai aikinmu na wancan zamani ba wuya, ka saɓa wa Bature bindiga, ka nuna masa nama da yatsa, ya harba, ku dawo a mota. To, ku gyara zama. Ƙahon nan ba nawa ba ne, ajiya ce. Kuma ba za ku gane yadda aka yi ya zo nan ba sai kun san wahalar da baƙo ke sha kafin a yarje masa ya yi farauta a ƙasar da ba tasa ba.

A hannun kawuna Sale na koyi daji, a nan Ƙofar Gayan, cikin wannan gidan. Mutum ne marar yawan magana, kuma bai iya yabo ba. Na daɗe ina binsa da gorar ruwa da wuƙar fiɗa kafin ya bar ni na taɓa adakarsa, wato bindigarsa ta ɗuri. Sai da na iya bambanta sawun kanki da na gwanki a kan busasshiyar ƙasa, sai da na iya murza kashin dabba da yatsa in faɗi ko na safiyar nan ne ko na jiya, sai da na ɗaura kan burtu a ka don nama ya ɗauke ni tsuntsu, na yi rarrafe har gwiwoyina suka yi kanta. Sannan ya koya mini ɗuri: awon albarushi, tsumma, dalma, a danna da sanda ba da fushi ba. Shi ne ya fara raka Turawa daji a gidanmu, don babu ƙauyen da ba a san shi ba daga nan har dazukan yamma, hanyar Birnin Gwari. Da gwiwa ta kama shi, ana saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai, sai aikin ya dawo hannuna.

Turawan da nake rakawa iri biyu ne. Akwai mazauna, masu aiki a nan, na jirgin ƙasa da na kamfanoni da malaman makaranta. Waɗannan sun san hanya, ba su da wahala. Akwai kuma baƙi 'yan ziyara, waɗanda suka zo ganin ɗan'uwa ko aboki da bindiga a cikin akwati, suna tsammanin da sun sauka a tasha gwanki zai zo ya tarye su. Su ne aikina na gaske.

Abu na farko da nake gaya wa baƙo, ta bakin duk wanda ke mana tafinta, shi ne bindigarsa ma baƙuwa ce, kuma ita za a fara nema wa izini kafin shi. Tun a inda ya shigo ƙasar, ko Ikko ta jirgin ruwa ko Kano ta jirgin sama, 'yan kwastan sun riga sun duba lambarta sun ba shi shaida. Da ya iso Zariya sai mu ɗauke ta cikin akwatinta mu nufi ofishin 'yan sanda, a sake buɗewa, a gwada lambar jikin ƙarfe da ta takarda. Ba a ba baƙo izinin riƙe bindiga shi kaɗai kamar ya faɗo daga sama. Sai mai masaukinsa, wanda hukuma ta sani, ya zo ya tsaya masa, ya ce in wani abu ya faru a neme shi. In an gama wannan, sannan mu wuce ofishin Di'o neman lasin farauta.

A nan ne sanin gari ke amfani. Na taɓa samun wani baƙo mai gaggawa da ya ƙi jin shawarata, ya ce sai ya huta gajiyar jirgi tukuna. Kafin ya gama hutawa Di'o ya fita rangadi, ba kuwa mai sa hannu sai shi. Mutumin nan ya zauna a bariki yana goge bindiga yana kallon zabin kuku har rabin hutunsa ya tafi. Tun daga ranar nan, kafin jirgin baƙona ya iso na riga na bi ta wajen masinjojin ofis na gaishe su, na ji ko maigida yana gari, da kuma ranar da zai fita.

Lasin kansa kala-kala ne. Akwai na tsuntsu, wanda ba ya wuce zabi da fakara da agwagwar ruwa. Akwai na mazauni. Akwai na baƙo, wanda ya fi tsada kuma ya fi gajeren wa'adi. Di'o kan tambayi baƙo wa zai shiga da shi daji, in ya ce Garba na gidan Sale, sai a kira ni ciki, akawu ya karanta mini sharuɗɗan da Hausa ina tsaye. Ban iya boko ba, a kaina nake ɗauke su, kuma har yau suna nan. Ba a harbin mace mai ciki ko mai ɗa a gindinta. Ba a harbi daga cikin mota. Ba a haska wa nama fitila. Ba a shiga gandun daji. Akwai dabbobin da ko an gan su sai dai a yi musu kallo, irin raƙumin dawa. Manyan nama kuma kowanne da iyakarsa, kuma duk wanda harsashinka ya taɓa ya shiga lissafinka, ko ka same shi ko ya tsere. In an dawo, baƙo ya koma ofis ya faɗi abin da ya kashe.

Baƙo kan fito daga ofis yana kaɗa takardarsa, yana ganin an gama. Ni kuwa na san rabi muka yi. Takardar nan ba ta san inda ruwa ya rage a rani ba, ba ta san inda Fulani suka sauka da shanu ba, ba ta san tsamiyar da mutanen gari ba sa so a yi harbi kusa da ita ba. Waɗannan suna bakin mutane. Saboda haka kafin mu bar birni sai na biya kasuwa na sayi goro mai kyau da gishiri da ɗan albarushi. Mu fara da gaida hakimi, ya haɗa mu da yaronsa zuwa wurin dagaci, dagaci ya aika a kira Sarkin Baka, wato shugaban maharban ƙasar. Shi ne zai ce ku bi nan, kada ku bi can. In bai buɗe baki ba, sai ku yi ta yawo a daji har takalmin baƙo ya tsinke ba ku ga ko gada ba.

Su ma maharban ƙauye suna da dokarsu, kuma ta girmi ta ofis nesa ba kusa ba. Cinya ta mai gari ce. Wanda ya nuna sawu yana da rabonsa. Babbar cikinsu kuwa, wadda Kawu Sale ya maimaita mini har na gaji da ji, ita ce: nama na wanda ya fara fitar masa da jini ne. Ko kai ka kayar da shi, in akwai kibiyar wani a jikinsa, nasa ne, kai kuwa ladanka ƙarfata ɗaya ce, wato ƙafar gaba da kafaɗarta. Dalili a fili yake. Kibiya mai dafi ba ta kayar da babban nama nan take, sai mai ita ya bi shi wuni ko fiye. In babu wannan doka, mai baka zai yi ta wahala mai bindiga yana kwashewa, daga nan sai a fara harbin juna.

Na ga baƙi iri-iri. Akwai mai surutu, wanda ko nama na gabansa sai ya tambaye ka sunan itace. Akwai mai wanka da sabulu mai ƙamshi da asuba, iska ta kai labarinmu gaba tun ba mu bar sansani ba. Akwai wanda in ya ga ɓauna sai ya manta da bindiga a hannunsa, ban kuma ga laifinsa ba. Rigimar da na fi yi da su ita ce ta yanka. Su kai da fatar wuya suke so lafiya lau, su kai gida su kafa a bango. Mu kuwa in ba a yanka ba mushe ne, ba mai ci. Da nama ya faɗi sai in ruga da wuƙa kafin rai ya fita, kuma na koyi yankawa ƙasa-ƙasa yadda fatarsu ba ta ɓaci ba, namanmu kuma ya halatta. Wannan kaɗai ya isa sana'a, ku da kuke cewa nuni da yatsa ne.

Mai Lofe ya zo ne a wani rani, bayan an ƙone ciyawa, sabon toho ya fara fitowa a fadamu. Ƙanin matar wani Baturen kamfanin auduga ne, wanda ya saba aiko mini baƙinsa. Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka sa masa Mai Lofe, don kullum lofe na bakinsa, ko da yake bai taɓa kunna shi a daji ba. Daga wannan na san ya san farauta. Dattijo ne mai furfura a gefen kunne, ba ya gaggawa, ba ya ƙorafin rana, in ya sha ruwa sai ya miƙo mini gorar. Mun bi duk hanyar da na gaya muku, 'yan sanda, Di'o, hakimi, dagaci, Sarkin Baka, bai taɓa nuna gajiya ba. A lasin ɗinsa an ba shi gwanki ɗaya, namiji. Shi kaɗai ya kawo shi ƙasar nan. Direban kamfanin, Malam Tanimu, wanda ke mana tafinta, ya ce tun mutumin yana yaro ya ga hoton gwanki, ya sa a ransa sai ya same shi kafin ya mutu.

Muka sauka kusa da wani ƙauye da ake kira Rafin Kanya, muka yi ta nema. Kanki muka gani garke-garke, ya ɗaga bindiga ya sauke. Wata mariya mai kyan ƙira ta fito daga ciyawa ta tsaya mana a fili, ya girgiza kai. Gwanki kuwa sai sawu, sai kashin jiya. Wa'adin lasin yana ƙaratowa, ranar jirginsa ma haka. Ni kaina abin ya fara damuna, don ina son mutumin, kuma ban saba mayar da baƙo hannu wofi ba.

Ana gobe za mu tashi, da sassafe, na ci karo da sawu a bakin wata fadama. Namiji ne babba, shi kaɗai. Na lura yana ɗan jan ƙafar baya, amma tsohon gwanki da garke ya kora yakan yi haka, ban kawo komai a raina ba. Muka bi shi iska na bugun fuskarmu. Hantsi bai gama ɗagawa ba na hango shi tsaye a inuwar wata ɗorawa, kai a sunkuye, ƙahon nan ya lanƙwasa baya kamar lauje. Na taɓa kafaɗar Mai Lofe. Ya durƙusa, ya ja numfashi, ya harba sau ɗaya. Harbi ne mai kyau, daidai bayan kafaɗa, ba zan rage masa ba. Na ruga na yanka. Da na ɗago sai na ga dattijon nan ya cire hularsa, ya tsuguna yana shafa ƙahon da tafin hannu, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi na yi masa murna har cikin raina.

Malam Tanimu ya ji ƙarar bindiga ya biyo mu, muka kama fiɗa. Ina zuwa cinyar baya, ta ciki, sai wuƙata ta ce ƙaras. Na sa yatsa na zaro. Ƙarfen kibiya ne, karan ya karye, naman da ke kewaye da shi ya yi baƙi da dafi. Raunin sabo ne, bai fi na jiya ba. A gindin ƙarfen akwai tsaga irin wadda kowane mai baka ke yi wa kibansa don a san nasa.

Tanimu ya kalli ƙarfen, ya kalli Mai Lofe da ke can gefe yana cusa taba a lofe, ya rage murya.

"Malam Garba, cilla shi cikin ciyawa. Wa ya gani?"

Na ce, "Mai ita yana tafe, Malam Tanimu. Duk inda naman nan ya taka, shi ma ya taka."

"To sai mu ce ba mu ga komai ba. Ka san halin maigida. In surukinsa ya koma ba kan nan, ni da kai mun shiga uku."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san haka. Abincin gidan nan a lokacin daga hannun Turawan kamfani yake fitowa. Amma na san wani abin kuma. Ranar da aka ce ɗan gidan Sale ya ɓoye kibiyar wani, babu Sarkin Bakan da zai sake buɗe mini baki daga nan har iyakar dajin, kuma sunan da kawuna ya yi shekaru yana ginawa da ƙafarsa ya zube. Na goge ƙarfen na ajiye shi a kan fatar, inda kowa zai gani.

Ba mu gama fiɗa ba sai ga shi ya ɓullo ta kan sawun. Tsoho ne siriri, da warki da kwari da baka, leɓɓansa sun bushe, daga gani a kan sawun ya kwana. Na san shi, Baba Tanko ne, ɗaya daga cikin manyan maharban Rafin Kanya. Ya yi sallama, ya jingine bakansa, ya tsuguna. Ya kalli naman, ya kalli ƙarfen kibiyarsa, sannan ya ce, "Sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri da kuka taya ni. Tun jiya da azahar yake wahalar da ni."

Mai Lofe ya tambayi me tsohon ke cewa. Tanimu direba ne mai kyau, amma tafinta ba sana'arsa ba ce, magana yake ɗaukowa yadda take ya dire. Ya gaya masa cewa tsohon ya ce naman nasa ne, dafi ya riga ya cinye shi, ko ba a harba ba da yamma zai faɗi. Na ga fuskar Bature ta canza. Ina jin da ƙaho kawai aka ce za a karɓa, da abin bai kai haka ba. Amma an ce masa abin da ya tsallako teku dominsa, ya same shi a ƙarshe, gawa ce a tsaye ya harba. Ya miƙe, ya zaro lasin daga aljihun rigarsa, ya warware, ya kai shi dab da fuskar Baba Tanko yana nuna hatimi da yatsa.

Tsohon ya kalli takardar a natse, ya juyo gare ni. "Ɗan Sale, me yake cewa?"

Na ce, "Baba, cewa ya yi hukuma ta ba shi gwanki ɗaya."

Ya ce, "To, madalla. Allah ya ba shi nasa. Wannan dai nawa ne."

Da aka mayar masa da wannan, sai Mai Lofe ya yi abin da ya ga shi ne adalci a wurinsa: ya ciro jakar kuɗi ya buɗe. Baba Tanko ya kawar da kai gefe kamar an nuna masa abin kunya. Sai dukansu suka zuba mini ido, Bature yana jiran mutumin da ya ɗauka aiki ya tsaya masa, tsoho yana jiran ya ga irin tarbiyyar da Sale ya yi.

Na ce wa Tanimu, "Gaya masa harbinsa ya yi kyau, ban taɓa ganin wanda ya fi shi ba. Gaya masa takardarsa gaskiya ce, ba wanda ya ce ya yi laifi. Amma naman na Baba ne, da kai da fata." Na sa wuƙa na cire ƙarfata ɗaya, na shimfiɗa ganye, na ajiye ta a gaban Mai Lofe yadda doka ta ce. Ko kallonta bai yi ba. Ya saɓa bindigarsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya kama hanyar mota. Sau biyu yana waiwayen ƙahon.

Da muka dawo birni na raka shi ofis, don ina fatan a ce tunda bai tafi da naman ba a ƙara masa lokaci ya nemi wani. Di'o ya saurare mu, ya ce ba ya shiga dokar maharba, amma tasa a fili take: harsashin baƙo ya kashe gwanki, gwankinsa ya cika. Mutumin nan ya rasa ta ko'ina, ofis ya ce ya samu, daji ya ce ba nasa ba ne. Ban ga laifinsa ba da ya hau jirgi bai yi mini sallama ba.

Baturen auduga bai yi mini faɗa ba, aiko wa kawai ya yi cewa kada in sake zuwa. Turawan Zariya kuwa a wuri ɗaya suke shan iska da yamma, magana ɗaya ta ishe su duka. Aka ce Garba ya ƙwace naman baƙo ya ba ɗan'uwansa. Sauran ranin nan ko ɗan aike ban gani ba. Wannan ita ce muguwar shekarata. Na sayar da kekena, na koma noman ƙodago a gonakin Tudun Jukun, ni da ake ɗauka a gaban mota. Waɗanda ke gaishe ni da "Sarkin Daji" a bakin kasuwa suka koma "Garba, ina Turawan naka?" Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Kawu Sale, da na ba shi labari yana kishingiɗe a zauren nan, tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ka ba baƙon ƙarfatarsa?"

Na ce, "Na ba shi, Kawu."

Ya ce, "To." Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. A wurinsa wannan yabo ne.

Damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙugu, wata rana da la'asar na dawo daga gona sai na tarar da baƙo a ƙofar gida, ƙafafunsa duk taɓo, da wani dogon ƙunshi cikin tabarma. Baba Tanko ne. Da ƙafa ya zo tun daga Rafin Kanya, yana tambayar gidan Sale maharbi tun daga bakin ganuwa. Bayan ya sha ruwa sun gaisa da Kawu, sai ya kwance igiyar. Kan gwankin ne, an dafe shi an kankare tas, ƙahon ya sha man kaɗanya yana ƙyalli.

Ya ce, "Ɗan Sale, ina baƙon nan naka? Na kawo masa kayansa."

Na ce, "Baba, ai ya koma ƙasarsu tun rani."

Ya sunkuya ya shafa ƙahon. Sannan ya ce, "Ni me zan yi da ƙaho? Nama na ci, fata na jeme, wutsiya na ajiye. Na ga yadda yake waiwayensa. Tun a wurin nake jira ya ce, tsoho, ba ni. Da ya faɗa, da na ɗora masa a kafaɗa da hannuna."

Na ce, "To Baba, me ya hana ka ba shi hakanan?"

Ya ɗago ya dube ni. "Takarda ya nuna mini. In na ba shi a kan takarda, gobe duk mai takarda sai ya zo ya ɗauke naman yaranmu. In na ba shi a kan kuɗi, na sayar da dokar da ba tawa ba ce ni kaɗai. Amma kyauta, ai abina ne, wa zai hana ni? Baƙo ne fa. Bai roƙa ba ne kawai."

Mu uku ne masu jin Hausa a gindin ɗorawar nan ranar, kowa ya tsaya kan na wane ne, ba wanda ya kawo maganar roƙo. Baba Tanko ya kwana, da safe ya ɗauki sandarsa. Na ce ya koma da ƙahon, ya ce a'a, ya riga ya bayar, ba ya komawa da kyauta gida. "Ka ajiye masa," in ji shi.

Na wanke rigata na tafi kamfanin auduga. Aka ce an yi wa wancan Baturen canjin wuri, wanda ya gaje shi bai san wani mai lofe ba, bai kuma ga dalilin da zai sa ya nema ba. Na je ofishin Di'o, akawu ya ce shi gidan mai masauki kawai ya sani, bai san inda baƙon yake a ƙasarsu ba. Na dawo na buga ƙusa bisa ƙofar nan na rataye shi.

Aiki ya dawo, don Turawa ba sa daɗewa a wuri ɗaya, sababbi suka zo ba su san tsohuwar magana ba. Dajin yamma kuwa ya buɗe mini yadda bai taɓa buɗe wa ɗan birni ba. In na sauka Rafin Kanya, kafin in kwance goro an riga an gaya mini inda garke ya sha ruwa da safe. Na raka baƙi da yawa bayan nan, har zuwa lokacin da naman ya ja baya, baƙin ma suka daina zuwa. Amma na ƙara abu ɗaya a cikin aikina. In mun gama da 'yan sanda, mun gama da Di'o, kafin mu hau mota sai in kawo baƙo zauren nan, in zaunar da shi ƙarƙashin ƙahon, in sa ya yi ta maimaita "Don Allah, Baba, ka ba ni" har harshensa ya faɗa daidai. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Nakan ce musu takardar aljihu ta nuna wa ɗan sanda ce, wannan kuwa ta mutane ce, kuma ba ta da wa'adi.

Kawu ya rasu, Baba Tanko ya rasu, Mai Lofe ma na tabbata ƙasa ta daɗe da rufe shi, yana ganin a Zariya aka ƙwace masa gwankinsa. Wannan ne kaɗai ke taɓa ni in na ɗaga kai. Masu sayen kayan tarihi sun zo sun taya ƙahon nan ba sau ɗaya ba, na ce ba nawa ba ne balle in sayar. Ku ma in na kwanta dama kada wanda ya sauke shi. A riƙa shafa masa man kaɗanya in rani ya yi. In wata rana wani ya yi sallama a ƙofar nan ya ce kakansa ya taɓa harbin gwanki a dajin Zazzau aka hana shi, kada ku tambaye shi takarda. Ku ba shi ruwa ya sha, ku sauko masa da kayansa, ku ce Baba Tanko na Rafin Kanya ya ce a ba shi.